Tsumma a Salansar Babur ɗin Baba

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa ya ƙara masa gishiri. Ni ne na cusa tsumma a salansar babur ɗin Baba. Ba aljani ba ne, kamar yadda tsofaffin ƙauyenmu suke faɗi har yau, ba kuma bakin mutane ba ne. Ni ne, Lawali, da hannuna da wata tsohuwar wayar keke. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma a ganina duk ƙasar Bungudu ba a haifi mai wayona ba.

Abin da ya tono mini zancen shi ne azumin bana. Ya faɗo tsakiyar damina, a nan makarantar horon malamai da nake a Gusau ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa. Kwaɗi sun fi malamanmu murya, riguna kwana uku a kan igiya ba su bushe ba, mutum sai ya kai azumi bai tuna da randa ba. Shekaranjiya na fita bakin titi sayen sabulu, na ga wani dattijo yana tura babur, ɗansa na biye yana riƙe da kariyar ɗaura kaya ta baya, sun jiƙe sharkaf. Abokaina suka yi ta dariya. Ni kuwa nan take ƙafafuna suka ɗauki ciwo tun daga diddige har ƙugu. Shekara huɗu ke nan kacal, amma ƙafafuna sun ce arba'in ne.

Babur ɗin ya shigo gidanmu a kakar da ta gabaci babban farin nan, ba a daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba. A shekarar audugar Baba ta yi kyau, gyaɗa ma ba laifi. Da ya dawo daga fuloti, inda ake awon auduga, kwana biyu yana zagaya gida hannu a aljihu kamar mai ciwon ciki. Rana ta uku ya hau mota zuwa Tsafe, don ya ji labarin wani malamin makaranta zai sayar da babur ɗinsa. Ba abin da ya sami babur ɗin. Laifinsa ɗaya, ƙarami ne, irin masu fararen fukafukan nan da ke tare ƙafa, alhali abokan malamin duk sun sayi manya masu rugugi, suna ce wa nasa keken unguwarzoma. Malamin da kansa ya tuƙo shi har ƙofar gidanmu, Baba a baya ya rungume shi, idonsa a rufe tun daga Tsafe, in ji malamin.

Washegari Baba ya ce zai koya. Duk ƙauye aka fito filin bayan gari. Ya hau, ya murɗa, babur ya zabura. Maimakon ya taka birki sai ya dinga yi masa tsawa kamar jaki. Ya ratsa darnin maƙwabcinmu Malam Buba, ya ɓulla ta ɗaya gefen da yaɗon kabewa a wuya, kaji na tashi ta ko'ina. Da aka ɗaga shi ya kakkaɓe riga, ya dube ni.

"Lawali, kai ad da ƙashin yara. Koyi abin ga, ni a riƙa ɗauka ta."

Haka na zama direba. Yanzu a Gusau kowane masinja yana da babur, ba mai ko ɗaga kai ya dube shi. Amma a ƙauyenmu a lokacin namu ne kaɗai, kuma kada wani ya ce maka babur ɗin manomi na ado ne. Namu jaki ne mai shan fetur, shi ma kaɗan yake sha. Shi ke kai niƙa Bungudu, shi ke kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗar Inna kasuwar Gusau. Shi ya kai Malam Buba asibiti ranar da maciji ya sare shi, daga nan ya yafe mana darninsa. Na taɓa ɗora masa buhun masara da Inna da ƙanwata Hassi da akuya mai ciki, muka iso lafiya, akuyar ce kawai ba ta sake yarda da ni ba. In na shigo gari na danna hon, yara su biyo ni a guje, samarin da suka ba ni shekara biyar su matsa gefe. Har gaisuwata ta canja. Na koma gaida mutane da haɓa.

Sai damina ta zo, ko in ce ta leƙo. Ruwan farko ya sauka a makare, muka yi shuka, ta tsiro, ta tsaya tana kallon sama har ta ƙone. Aka yi wani yayyafi, muka sake. Ta uku da irin da Inna ta ɓoye a tulu muka yi ta, wanda ta liƙe bakinsa da laka ta ce ba mai buɗe shi tana da rai. Kullum la'asar hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su jera tukwane da ƙore a tsakar gida, sai iska ta taso ta kwashe shi ta kai wa wasu. Sau uku muka fita roƙon ruwa, riguna a juye, har tumaki muka kora gaba. Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe.

Ba a fasa noma ba. Gayya ake yi kamar kullum, yau gonar wannan gobe ta wancan, sai dai gayyar ba kiɗa ba fura. Mai gona ya kawo tulun ruwa da 'yar tsamiya a ciki, ya yi ta ba da haƙuri. Ƙasa ta yi tauri, in ka sara fartanya sai ka ji ta a haƙoranka. Geron da ya tsira ya tsaya iya ƙugu, ya fitar da kai kamar ɗan yatsa, in ka murza ba komai sai ƙaiƙayi. Rijiya ta ja baya har sai da aka ƙulla igiya uku, guga ya fito rabinsa laka.

A gida kuwa, da can tuwo ne da yamma, ɗumame da safe, fura da rana. Fura ce ta fara tafiya. Ɗumame ya bi ta, don ba abin da ke kwana. Sannan tuwon ya zama kunu, kunun ya zama ruwan da aka nuna wa gari daga nesa. Muka koma kan ganye: tafasa, rama, yaɗiya, duk abin da akuya ta ci ba ta mutu ba. Inna takan dafa tafasa ta zubar da ruwan sau biyu, ta kwaɗa da ɗan ƙuli, warinta ya kama mana tufafi da numfashi. Yanzu a makaranta in an ba mu wake mai ƙwari sai ɗalibai su yi bore su ture kwano. Ni nakan cinye nawa in bi na masu boren. Hassi, mai shekara biyar, wadda da bakinta ba ya rufuwa, ta koma zama a gindin turmi tana kallon ƙasa. Rumbu kuwa, in Baba ya ɗaga ni na shiga ɗebo dawa, muryata har amsa-kuwwa take yi.

Aka sayar da awaki. Aka sayar da tunkiya. Inna ta naɗe tasoshinta na aure a zane ta ba dillaliya. Babur yana zaure an rufe shi da tabarma, don ba a sayen fetur a gidan da ba gari. Ni dai kullum sai na buɗe shi na goge, in hau in riƙe kai, in yi ƙarar da bakina a hankali.

Azumi ya kama lokacin da ya kamata a ce ana girbi. Bai same mu baƙi ba, wata uku muna gwaji. Bambancin kawai yanzu an hana mu ruwa, ga zafin ƙarshen damina, irin wanda ko inuwa gumi take yi. Wata Laraba mun sha ruwa da kunun tsamiya, sai Baba ya ajiye ludayi.

"Na yi magana da Alhaji Garba mai hatsi na Bungudu. Jibi Juma'a shina zuwa da buhu huɗu na dawa da tsohon kekenai. Shi tahi da babur."

Inna ta ce alhamdu lillahi, a hankali, kamar kada wani ya ji ya ƙwace.

Na ce, "Baba, to wa za ya riƙa kai niƙa?"

"Niƙan mi?"

"In wani ya yi ciwo fa?"

"Ciwon da ke cikin gidan ga ba asibiti aka kai shi ba. Buhu huɗu, in an yi hankali, su kai mu faɗuwar damina." Ya ɗauki ludayinsa. "Ga keke nan. Shi ma shina da ƙararrawa."

Ranar Alhamis da azahar kowa ya kwanta a inuwa kamar an gama yaƙi. Na zauna a zaure ina tunani. Ga tunanin, kowa ya auna: in babur bai tashi ba Alhaji zai koma, Baba zai nemi wata dabara, don ni a sanina Baba bai taɓa rasa dabara ba. In an kwana biyu sai in zare abina in ce na gyara, a yi ta sa mini albarka. Abin da za a ci kafin nan ko leƙowa bai yi cikin kaina ba, alhali cikina na kuka a daidai lokacin. Na yagi gefen wani tsohon zanen Inna mai hoton tsuntsaye da ke shanye a darni, na nannaɗe shi tam, na tura cikin salansa da wayar keke, na danna har ya ɓace. Har murmushi na yi wa kaina.

Juma'a da hantsi sai ga Alhaji Garba a kan keken, mai jakai na biye da jakai huɗu. Aka sauke buhunan a ƙofar zaure, kowanne ya faɗi da wata ƙara mai nauyi da kunnena ya manta da ita. Ƙamshin dawa ya cika wurin. Inna tun da safe ta wanke turmi ta kife shi ya tsane. Hassi ta fito ta sami wata 'yar huda a jikin buhu, ta sa yatsa tana zaƙulo ƙwaya ɗai-ɗai tana tauna ta ɗanya. Maƙwabta suka taru.

Alhaji ya zagaya babur, ya latsa taya, ya leƙa tanki, ya juye fetur ɗin da ya zo da shi a kwalba.

"Direba, tada muna shi mu ji."

Na taka. Ya yi tari ya mutu. Na sake, ya sake. Sai na waiga na ga Hassi da kumatunta na motsi. Na shiga takawa da gaske, ina roƙon Allah tsumman ya fito da kansa. Na taka sau ɗari, ko dubu. Baba ya karɓa ya taka. Malam Buba ya taka har takalminsa ya tsinke. Samari suka tura ni har bakin rijiya suka dawo da ni. Tari, sai shiru.

Alhaji ya dubi Baba ya ce, "Malam Mamman, ni da kai ba mu ɓata ba. Amma mataccen ƙarhe ba shi kai ni kasuwannin ƙauye."

"Wallahi Alhaji, lahiya lau munka aje shi."

"Na yarda. Ajiya ma tana kashe su. Akwai wani can Ruwan Bore shina ta yi min aike kan nashi. Ba ni iya jira, hatsi kullum tashi shikai."

Aka mayar da buhunan kan jakai ɗaya bayan ɗaya. Hassi ta riƙe kunnen na ƙarshe, sai da Inna ta yafa mayafi ta fito ta ɓamɓare yatsunta. Da Alhaji ya ga haka ya kwance bakin buhun, ya auna mudu biyu a ƙwarya, ya ce na yara ne. Baba ya yi godiya yana kallon ƙasa. Ban taɓa ganin an ba Baba sadaka ba sai ranar. Kafin jakan su sha kwana tsofaffi har sun gano aljanin da ya hau babur ɗin da tsamiyar da yake zaune.

Da maza suka tafi masallaci na ce cikina na ciwo. Na lanƙwasa kan waya na yi ta zaƙulo, duk zaƙulowa ƙara tura shi take yi. Notin salansa ya yi tsatsa, ba ni da sifana. Har haƙori na gwada.

Asabar, da aka idar da sallar asuba, Baba ya ce in sa takalmi. Muka tura babur ɗin zuwa Bungudu. Mai facin keke na bakin kasuwa ya cire fulogi, ya hura, ya goge a riga, ya mayar, ya ce wannan ciwo sai Gusau, ya ƙara wa Baba da wata magana da ban saurara ba. Ina tsaye a wurin, maganar na bakina, na haɗiye ta. Kuɗin da za a ɗora babur a mota babu. Muka kama hanya, ni riƙe da kai, Baba na turawa ta kariya.

Da a kan babur nake bin hanyar nan, ban san tana da tudu ba. Ashe tudu ce tun daga Bungudu har Gusau, kuma na rantse in ka juyo ma tudu ce. Rana ta fito kamar da mu biyu take fushi. Kwalta ta yi laushi tana riƙe takalmi. Gonaki dama da hagu sun yi ja, ba kowa a ciki. A wani wuri ga mushen saniya a bakin hanya, ungulayen ko tashi ba su yi ba da suka gan mu. Muka tarar da mutanen arewa suna gangarawa kudu da tabarmi a ka da raƙumi guda da ya fi mu ramewa, ba wanda ya yi wa wani sannu, don sannu ma miyau take ci. Wata babbar mota ta wuce, karen motar ya leƙo ya yi ihu, "Baba, a sayo mai!"

Harshena ya zama guntun fata. Babur ɗin da nake ɗagawa da hannu ɗaya ya koma nauyin bijimi. Ina jin numfashin Baba a bayana yana fita da wani ɗan fito. Wani lokaci sai in ji turin ya yi sauƙi, in san ya ƙara ƙarfi don ya rage mini. Wani lokaci kuma in ji ya yi nauyi, in san jingina ya yi da kariyar. Muka tsaya gindin wata kuka mai inuwa kamar faifai.

"Lawali, matahiyi an yarda mai shi sha. Ga rijiya can, tahi ka sha, ka rama bayan salla."

"Kai fa, Baba?"

"Ni na saba."

"Ni ma ba ni sha."

Ya dube ni da irin kallon da ake yi wa ɗan kirki. Da bulala ya ɗauko da ya fi mini sauƙi.

"Na san ranka na ga abin ga," in ji shi. "Da ina da yadda zan yi, da ban taɓa ma shi ba. Ka yi haƙuri, ka ji?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Na buɗe baki, sai na ji kaina na ce, "Ƙila fulogi ne."

"Ai mai faci ya duba hulogi."

"Ƙila ɗayan ne."

"Ashe biyu gare shi?"

"Wani lokaci."

Ya gyaɗa kai, ya dafa gwiwa ya miƙe.

Sai bayan azahar muka shiga Gusau. Rumfar Oga Sande muka nufa a Sabon Gari. Bakanike ne, mutumin kudu, yana gyara yana kuma saye da sayarwa, Hausa a bakinsa kamar nan aka yanke masa cibi. Shi ba azumi yake ba, shinkafa muka tarar yana ci, amma da ya ga fuskokinmu ya rufe kwanon ya tura ƙarƙashin benci, ya ɗebo bokitin ruwa ya ce mu zuba a ka. Da idona ya washe sai na ga bayan rumfar. Babura ne irin namu a jere, kai da kai, kamar raguna a kasuwar salla.

Baba ya ce, "Waɗanga duk na gyara ne?"

"Na sayarwa ne, Baba. Wancan ja na wani akawu ne, an ƙara masa girma, ya ce yanzu ya fi ƙarfin ƙarami. Na kusa da shi na mai neman aure ne. Wancan kuma mai shi ya faɗi sau ɗaya, matarsa ta ce ko ita ko shi. Sauran duk naku ne, manoma. Kowace shekara da kaka kuke saye, da bazara in rumbu ya yi ƙasa ku dawo mini da shi. Akwai wanda na sayar sau biyar, ko an sake shi zai iso rumfar nan da kansa. Amma ban taɓa ganin ana kawo su da kaka ba sai bana." Ya buga sirdin namu da tafi. "Irin waɗannan ba sa gajiya, Baba. Masu su ne ke gajiya."

Ya taka sau biyu, ya karkata kai yana saurare. Ya ce in taka, shi kuma ya tsuguna ya tara tafin hannu a bakin salansa.

"Ba ya numfashi."

Ya ɗiga baƙin mai a notin, ya sa sifana ya kwance, ya zaro bututun ciki, ya zura filaya. Tsumman ya fara fitowa a hankali, baƙi, yana ta zuwa kamar ba zai ƙare ba. Ni dai na san ɗan kaɗan na yaga, amma abin da ya fito ya isa rawani. Oga Sande ya warware shi ya kakkaɓe. Duk da baƙin hayaƙi, tsuntsayen suna nan.

Ya dubi tsumma, ya dubi Baba, ya dube ni.

"Ɓera ne," in ji shi. "Suna yin sheƙa a ciki in an daɗe ba a hau ba."

Baba ya karɓi tsumman ya juya shi gaba da baya.

"Ɓeran ga ya iya naɗi," ya ce. Ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu.

"Baba, ni ne..."

"Azumi mukai, Lawali. Bari sai an sha ruwa."

Oga Sande ya mayar da salansa, ya taka sau ɗaya, babur ya tashi da muryarsa mai daɗi kamar ba shi ne ya sa muka yi tafiyar Makka a ƙasa ba. Na ce da sauri, "To mu hau mu koma ma Alhaji!"

"Ba ka ji mai faci ba? Tun jiya mutumin Ruwan Bore ya kawo mai nashi, an gama." Baba ya juya ga Oga Sande. "Kana saye?"

Oga Sande ya sosa ƙeya, ya nuna jerin da haɓa. "Baba, ka gani da idonka. Masu kawowa sun fi masu ɗauka. Zan saya don kun turo shi daga nesa, amma abin da zan iya bayarwa ba zai yi maka daɗi ba."

"Ba daɗi na zo nema ba."

Suka koma gefe suka sa hannu cikin riga suka yi ciniki. Ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga an tura babur ɗin an sa shi a ƙarshen jeri, nan take ya saje da sauran.

A kasuwar hatsi abin da aka ba Baba ya sayi buhu uku, ya rage na mota zuwa Bungudu. Keke babu. Muka sha ruwa a tasha, zaune a kan buhunan, da ruwan famfo da ƙosai biyu-biyu. Na ci ina jira. Ya gama, ya wanke hannu, ya yi alwala, muka yi magariba. Na ci gaba da jira a cikin mota. Bai ta da zancen ba.

Washegari jakin Malam Buba ya kwaso buhunan daga Bungudu. Inna ta dube su ta dubi Baba, ya ce, "Kasuwa ce." Ta jawo turmi. Da aka sha ruwa aka ci tuwon dawa na gaske, mai tururi, Hassi ta ci har ta dawo da surutunta ta hana kowa sakat. Baba bai faɗa wa Inna ba, bai faɗa wa kowa ba, bai kuma taɓa ɗaga mini hannu a kan maganar ba.

Inna ta yi hankali iyakar hankali, amma buhu uku buhu uku ne. Suka ƙare tsakiyar bazara, saura wata biyu ruwa ya sauka. Wata biyun nan Baba ne ya cike su. Ya tafi Funtua da furfurarsa ya yi dakon kaya a tasha, yana aiko da abin da ya samu ta hannun direbobi. Ya dawo ana shuka, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, har yau haka take.